Riƙon Ƙwaryar Lucius Gaddis

Sau goma sha biyu ina ɗaure kayan gidana a kwali saboda aikin mijina. Sunana Verlene, shi kuma Lucius Gaddis, kuma lokacin da abin nan ya faru shekara talatin da ɗaya ya yi yana horar da 'yan ƙwallo, ƙwallonmu na nan Amurka, na hular kwano da karo da kafaɗa. Ƙungiyar ƙwararrun da ya yi wa aiki a ƙarshe ba zan kama sunanta ba, don lauya ya ce in iya bakina. Amma bai ce in haɗiye labarin ba.

A Mississippi muka haɗu, yana wasa a jami'a. A shekararsa ta ƙarshe gwiwarsa ta tashi daga aiki, shi ke nan wasa ya ƙare, sai ya koma koyarwa a wata sakandare. Shi ne mataimakin koci, shi ne direban motar 'yan wasa, shi ne mai wankin rigunansu ranar Lahadi bayan an tashi daga majami'a. Daga can muka tafi Louisiana, muka tafi Oklahoma, muka yi shekara biyu a Wyoming inda sanyi ya kusa kashe ni, muka gangaro Ohio. A wannan sana'a, ranar da aka kori babban koci, da shi da duk wanda ya taɓa yi masa sannu ake sharewa. Ko kun yi laifi ko ba ku yi ba, ku kwashe. 'Yarmu Renita makaranta tara ta yi kafin ta gama sakandare. Ranar da na haife ta ma ubanta yana Texas, zaune a falon wata mata yana lallashinta ta ba shi ɗanta ya yi musu wasa.

Yana da shekara arba'in da huɗu ya shiga gasar ƙwararru. Aikinsa tsaron gida, wato shi ke shirya ƙattin da ke tare abokan karawa su hana su kai ƙwallo layin ƙarshe. Kowa a sana'ar ya san ya iya. Mutum bakwai da suka koyi aiki a hannunsa sun zama manyan kocina, ɗaya ne kaɗai baƙar fata a cikinsu. Shi kuwa sau shida ana kiransa ganawa don a ba shi babbar kujera. Sau shida ina goge masa kwat, yana hawa jirgi, ana ba shi abinci mai tsada, ana ce masa ya burge su ƙwarai. Bayan kwana biyu sai mu ga wanda aka ɗauka a talabijin. Ya dawo ya rataye kwat ɗin, ya ce, "Lokaci ne bai yi ba, Verlene." Ni kuma in shiga kicin in yi ta buga tukwane.

Shekarar da nake son ba da labarinta yana da hamsin da takwas. Muna wani gari na arewa a bakin tafki. Ƙungiyar ta buga wasa tara, ta sha kashi a bakwai, 'yan kallo sun fara zuwa fili da takarda a rufe da fuska don kunya. Farkon Nuwamba aka kori babban koci, aka ce Lucius ya yi riƙon ƙwarya har kakar wasa ta ƙare. Saura wasa takwas.

Ya ci shida.

Ranar farko ya fitar da 'yan wasa atisaye waje cikin sanyi, ya ce wanda zai yi wasa a ƙanƙara ba zai koya a ɗaki mai ɗumi ba. Ya zaunar da mai jifan ƙwallon da ƙungiya ta kashe wa dukiya a benci, ya sa wani da ba wanda ya san sunansa. Jaridu suka ce ya haukace. Ya daina cin abinci a ofis, ya koma cin nasa tare da 'yan wasa. Ranar bikin godiya da muke yi a ƙarshen Nuwamba, mutum goma sha huɗu na ciyar a gidana, talotalo uku suka cinye da wainar masara faranti huɗu, ba su bar ko ƙashi mai nama ba. A wasan ƙarshe, kyaftin ɗinsu Dequan Fontenot da wani suka ɗauko ganga guda ta ruwan sanyi suka juye masa a ka, filin gaba ɗaya yana kiran sunansa. Ina can sama a kujerun iyalai ina kuka kamar wata shashasha. Washegari 'yan wasa arba'in da ɗaya suka sa hannu a takarda suka kai wa masu ƙungiya: Koci Gaddis muke so.

Ranar Talata aka yi ganawa da shi, awa huɗu. Ya tafi da wani kundi mai kauri na yadda zai tafiyar da ƙungiyar shekara biyar, ni na kai shago aka ɗinke masa shi. Ranar Alhamis aka ce mai ƙungiya yana gayyatarmu cin abincin rana a gidansa, ni da shi. Na ce a raina, ai ba a gayyatar matar mutum don a ba shi mummunan labari. Na sa rigata ta majami'a.

Mai ƙungiyar tsoho ne, Mista Langhorne, da manyan motocin dakon kaya ya yi arziki. Amma ɗansa Tripp ne ke juya komai, wani mai yawan murmushi da bai taɓa sa hular kwano ba tun da aka haife shi. Aka kawo miya, aka kawo nama. Tsohon yana ta ba ni labarin karnukansa. Sai da aka kawo kofi Tripp ya gyara zama.

"Koci, abin da ka yi mana a wata biyun nan, wallahi ba za mu manta ba."

Ina jin haka na san ba alheri ba ne.

"Mun zauna, mun duba inda wasan ya dosa nan gaba. Mun yanke shawarar ba Tanner Whitlock."

Tanner Whitlock na san shi. Shekararsa talatin da huɗu. Shekara goma da suka wuce shi ke haɗa wa Lucius bidiyon wasanni a Ohio, yana cin abinci a gidana sau biyu a mako don albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata. Lucius ne ya koya masa karanta tsayuwar 'yan wasa, Lucius ne ya buga waya ya samo masa aikinsa na gaba. Ba mugu ba ne. Amma bai taɓa jagorantar ko ƙungiyar unguwa ba.

Lucius ya ajiye kofinsa a hankali. Ya ce, "Tanner yana da kai."

"Ƙwarai!" in ji Tripp, har da tafa hannu. "Shi ya sa muke son ka tsaya kusa da shi. Za mu ba ka sunan mataimakin babban koci, da ƙari a albashi. Yaran nan kai suke ji wa magana. Gobe ƙarfe sha ɗaya za mu gabatar da shi ga 'yan jarida, muna son su gan ka zaune a gefensa."

Na ce, "Yallaɓai, wato a ba shi doki, mijina ya riƙe masa linzami?"

Lucius ya taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur. Tsohon ya yi dariya, ya ce, "Madam Gaddis ba ta da wasa."

"Akwai ɗan abu guda," Tripp ya ci gaba, kamar ban yi magana ba. "Tanner zai zo da mutanensa. Mutum huɗu cikin naka za su tafi, har da Otha Sims. Mun ga zai fi daɗi su ji daga bakinka."

Otha Sims kocin 'yan sahun gaba ne, masu kare mai jifan ƙwallo, abokin Lucius tun Louisiana. Garuruwa biyar suka yi aiki tare. Shekararsa sittin da uku, yana ɗingishi, matarsa Mozelle kuma sau uku a mako ake mata wankin ƙoda, kuma inshorar aikinsa ce ke ɗauke da ita. Tripp ya san da wannan, don shi ya aika mata furanni a asibiti.

Na juya na kalli mijina. Ina jira ya kifar da teburin nan. Sai na ji ya ce, "Ku ba ni zuwa gobe in yi tunani."

Har ya yi musu godiyar abinci.

Ban bari mun fita daga unguwar ba. Na ce, "Tsayar da motar nan."

"Verlene, ƙanƙara ce a hanya."

"Na ce ka tsaya!"

Ya gangara gefe ya tsaya, hannunsa biyu a kan sitiyari.

"Tunanin me za ka yi? Faɗa mini, tunanin me? An tofa maka yawu a fuska kana cewa a ba ka zuwa gobe ka duba ko ruwan sama ne?"

"Ki rage murya."

"Ba zan rage ba! Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, shi ke nan rayuwarka? Kullum haƙuri, kullum lokaci bai yi ba. Shekara talatin da ɗaya kana dafa dutse, Lucius, ina romon? Nuna mini ko cokali ɗaya!"

"Kin gama?"

"Ban gama ba. An binne uwata ina ji a waya saboda kuna da wasa. Renita ba ta da ƙawar yarinta ko ɗaya. Na yi shiru don na ɗauka akwai inda za mu. Ashe raino za mu je yi wa ɗan da na ciyar da shinkafa da wake!"

Sai ya doki sitiyarin da tafin hannu, har hon ya yi ƙara. Tun da na aure shi ban taɓa ganin haka ba.

"Kina tsammani ban ji ba? Kina tsammani dutse ne a ƙirjina? Bature in ya yi ihu ya jefar da kujera, sai a ce yana da kishin aiki. Ni in na ɗaga murya sau ɗaya, sau ɗaya tak, shi ke nan na zama baƙin nan mai zafin kai, ba mai sake kirana. Shekara talatin ina haɗiye wuta don kada in ba su hujja!"

"To, da ba ka ba su hujjar ba, sun ba ka kujerar?"

Ya tayar da mota. Muka isa gida, da yamma kowa ya ci abincinsa shi kaɗai.

Da safe motarsa ta ƙi tashi saboda sanyi, dole ni na kai shi. Ya sa kwat, ya ɗaura lakatayi a wuya. A hanya ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, "Zan karɓa. In ina ciki, wataƙila in roƙa su bar Otha ko a wani ƙaramin aiki ne, don Mozelle." Na ci gaba da tuƙina.

Muna karyo kwanar shiga harabar ƙungiya na hango mutum tsaye a bakin ƙofa, cikin iska, rungume da kwali. Otha ne. Katinsa na shiga ya ƙi buɗe ƙofa. Mai gadi, wanda shekara huɗu suna gaisawa kullum, ya fito masa da kayansa: hoton Mozelle, kofin shayi, takalman atisaye, da wata tsohuwar hular kwano ta lokacin da yake wasa. Mai gadin sai sunkuyar da kai yake yi.

Lucius ya fita tun ban gama tsayawa ba.

"Otha, me ke nan?"

"Ka gan shi dai, Koci." Otha ya yi wani murmushi da ya fi kuka ciwo. "Wai tun jiya da yamma aka kashe katin. Na zo da wuri in gama rahoton yaran ne. Ko fitsari ba su bar ni na shiga na yi ba."

"Sun ce ni zan gaya maka. Sun ce sai yau."

"To, sun hutar da kai." Ya gyara riƙon kwalin. "Kada ka yi wani abu saboda ni, ka ji ko? Ka karɓi aikinka. Mu mun saba."

Lucius ya tsaya yana kallonsa. Na ga jijiyar wuyansa ta tashi. Ya karɓi kwalin daga hannun Otha, ya buɗe bayan motata ya sa, ya ce, "Shiga ka zauna, akwai ɗumi." Sannan ya leƙo ta taga ya ce mini, "Verlene, zo ki gani da idonki, kada wani ya ba ki labari."

Ɗakin 'yan jarida ya cika. Na tsaya a baya jikin bango. A kan tebur Tripp yana tsakiya, Tanner a damansa da sabuwar hular ƙungiya, kujera ɗaya a hagu an rubuta sunan Lucius. Ya je ya zauna. Tripp ya yi jawabinsa na sabon zamani da sabuwar alƙibla. Tanner ya ce Koci Gaddis uba ne a wurinsa. Sai wata 'yar jarida ta ɗaga hannu.

"Koci Gaddis, ka ci wasa shida cikin takwas. Yaya kake ji da ba a ba ka aikin ba?"

Tripp ya yi sauri ya ce, "Koci yana tare da mu ɗari bisa ɗari, kuma..."

"Ni ta tambaya," in ji Lucius.

Ya jawo makirufo gabansa.

"Yadda nake ji? Raina a ɓace yake. Ki rubuta haka, kada ki gyara mini. Ranar Talata na zauna awa huɗu da mutanen nan ina musu bayani, suna gyaɗa kai. Wannan hular da ke kan Tanner, da rigar da aka buga sunansa a baya, ku tambaye su ranar da aka ba da aikinsu. Ba a buga riga a dare ɗaya."

Kyamarori suka yi ta ƙara.

"Wannan ban damu da shi sosai ba, na saba, karo na bakwai ke nan. Amma yanzun nan a bakin ƙofa na tarar da Otha Sims a tsaye cikin sanyi da kayansa a kwali. Mutumin da ya gyara muku sahun gaba har mai jifanku ya daina kwana a asibiti. Shekara arba'in a sana'ar nan, ba wanda ya iya kiransa ofis ya dubi idonsa ya ce mun gode. Sai mai gadi. Shi ma an sa shi ne."

"Koci, ina ganin ba nan ne wurin..." in ji Tripp. Murmushin ya tafi.

"Nan ne wurin, Yallaɓai. Kai ka ce in zo in zauna a gan ni. To, ga ni, a gan ni da kyau." Ya juya ga Tanner. "Kai kuma ba ni da faɗa da kai. Ka iya aiki, ni na sani, ni na koya maka. Amma ba zan goya ka ba. Na yi goyo bakwai, bayana ya gaji. Sun ce ka isa, to ka tsaya da ƙafarka."

Ya miƙe, ya ciro katin shiga daga wuyansa ya ajiye gaban Tripp.

"Ga shi, kada ku wahalar da mai gadi."

Ya ratsa tsakiyar ɗakin ana ta jefo masa tambayoyi, ya kama hannuna muka fita. A mota Otha ya riga ya gani a wayarsa. Ya ce, "Lucius, kai mahaukaci ne. Ka kashe kanka a banza." Yana faɗa yana share ido da bayan hannu. Muka wuce wani ɗan gidan abinci muka ci ƙwai da naman alade, mu uku, Lucius ya cinye nasa ya ƙara da rabin nawa.

Na so in ce duniya ta tsaya masa. Kwana uku aka yi ana maganarsa a rediyo da talabijin, wasu na cewa gwarzo, wasu na cewa ga dalilin da ya sa ba a taɓa ba shi ba. Daga nan aka shiga maganar wasan ƙarshe na gasa, aka manta. Waya ba ta sake ƙara ba. Cikin mutum bakwai ɗin nan da ya raina, biyu ne suka kira, su ma don su ce ya yi haƙuri, yanzu ba daidai lokacin da za su ɗauke shi ba ne. Ƙungiyar kuwa ba abin da ya same ta. A kaka ta gaba Tanner ya ci wasa goma sha ɗaya da yaran Lucius, da tsarin Lucius, da mai jifan da Lucius ya tono, aka yi ta kiransa haziƙin zamani. Ranar da na ga haka a jarida na yi amfani da ita na kwashe kashin kare.

Kwali na goma sha biyu Mississippi ya mayar da mu. Wata ƙaramar jami'ar baƙaƙe ta ba shi babban koci, filinsu ko fitilu masu kyau babu. Ya ɗauki Otha, inshorar jiha ta ɗauki Mozelle, ta ƙara shekara biyu da rabi a duniya. Yana son yaran, yaran suna sonsa. Amma duk wanda ya ce muku hankalinsa ya kwanta, ƙarya yake yi. Ranar Lahadi yakan kunna wasan ƙwararru ya kashe murya, ya zauna yana cizon leɓe.

Wata Laraba da rana, cikin Oktoban shekara ta biyu, ina soya tarwaɗa wayarsa ta yi ƙara a kan teburin kicin. Na ga sunan. Tanner Whitlock. A lokacin sun sha kashi huɗu a jere, ana ta ratsa tsaron gidansu kamar ƙofar kasuwa.

"Kada ka ɗauka," na ce.

Ya ɗauka. Ya saurara ya daɗe. Sannan na ji ya ce, "A'a. Ka daina tura Dequan gaba. Gwiwarsa ta hagu ba ta ɗaukar juyi, za ka nakasa shi. Ja shi baya yadi uku, ka sa na gefen ya rufe tsakiya. Kana da biro? To rubuta."

Minti arba'in suna magana. Ya zana abin a bayan takardar wutar lantarki. Da ya ajiye wayar na juyo da cokalin suya a hannu.

"Kyauta, ko? Har yanzu kyauta?"

"Ba don shi na yi ba. Dequan yana da 'ya'ya uku, kuma yaron nan zai karya masa ƙafa."

"Ranar Lahadi in sun ci, sunan wa za a kira?"

"Nasa."

"Kuma ka sani."

"Na sani, Verlene. Kifinki yana ƙonewa."

Ya ƙone kuwa. Na juye masa shi haka nan a faranti, baƙi ƙirin, na dangwarar a gabansa. Ya cinye tas, ya ɗauki hularsa ya tafi atisayen ƙarfe uku. Ranar Lahadi suka ci da tazarar maki goma sha bakwai, Dequan ya gama wasa da ƙafafunsa biyu lafiya. Ni ban kalla ba, ina baranda ina gyaran wake, shi ya leƙo ya gaya mini.